Kujerar Dama

Gonar shinkafar da Jatau ke wa aiki a Bakura ta sayi ƙaramar motar shiga gona: kujeru biyu gefe da gefe, babu gilashi, sai bakan ƙarfe bisa kai da raga a madadin ƙofa. Wanda ya kawo ta ya gargaɗe shi: hular kwano, bel na ɗaure jiki a kujera, kuma ko kifewa za ta yi, kada hannu ko ƙafa ya fita waje.

Wata Laraba da damina ya iske surukinsa, Malam Ishaq, cikin shuɗiyar riga, yana tafiya a ƙasa bisa gaɓar kanal ɗin ban-ruwa. Ba a wuce babba. Ya ɗauke shi. Amma shekara tara da auren Taiba, Jatau bai taɓa kallon idon mahaifinta ba, balle ya ce masa ya ɗaura bel. Ragar ma a buɗe ya bar ta, don kada rigar Malam ta takura.

Ba gudu yake ba. Gaɓar ce ta sha ruwa, ta zabtare ta dama. Malam Ishaq ya shekara arba'in bisa babur, sai ya yi abin da kowane mai babur zai yi: ya sa ƙafa ya tokare ƙasa. Motar ta kwanta kansa. Ya rasu a asibiti a Talata Mafara, kwana na uku.

Babu wanda ya zargi Jatau. Taiba ta ce kwana ne ya ƙare. Amma tun daga nan, duk lokacin da ya zo wurin, sai ya ji motar ta rinjaya dama kamar da mutum a kujerar. Sau biyu makanike yana duba ta, bai ga komai ba.

Bayan wata bakwai, da azahar, ya hango shuɗiyar riga daidai wurin, da tafiyar da ya sani. Ya taka birki.

Malam Ɗayyabu ne, ƙanen marigayin, wanda yanzu shi ne uban Taiba. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Tsohon ya hau, ya tattara riga, ya bar ƙafar dama tana lilo a waje.

Jatau bai tayar da motar ba. Ya cire hularsa ta kwano, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, a gafarce ni. Ku shigo da ƙafa, in ɗaura muku bel."

"Ɗaure ni za ka yi kamar ragon layya?"

"In ba haka ba, Baba, sai in sauka mu taka tare."

Tsohon ya daɗe yana duban inda gaɓar ta zabtare. Ya tambaya ko an faɗa wa yayansa haka. Jatau ya ɗago, ya kalli idonsa, ya ce ba a faɗa ba.

Malam Ɗayyabu ya janyo ƙafar ciki, ya karɓi hular. Jatau ya zagayo ya ɗaura masa bel, ya rufe ragar. Suka wuce wurin a hankali. Motar ta rinjaya dama, gwargwadon nauyin mutum guda.