Garin Saiwar Dakta Jumare

Babu wanda ya naɗa Jumare likita. Shi ya naɗa kansa, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin da ya dawo Likoro daga Kaduna da tabarau da wata tsohuwar farar riga ta ma'aikatan asibiti. Aikin da ya yi a can shi ne gadin wani kantin magani, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa Turawa allura.

Da dawowarsa ya ce ya gano wata saiwa a bakin fadama wadda ke kashe zazzaɓi. Shi ke haƙo ta, matarsa Sabuwa ke shanyawa ta daka, shi kuma ya ƙulla garin a takarda ya kai kasuwar Makarfi. Abin mamaki, garin yana aiki. Mutum ya zo yana rawar ɗari, ya sha, kafin kasuwa ta zagayo ya koma gona. Daga Taba ake zuwa, daga Malikanchi, har daga cikin Ikara. Jumare ya ƙara faɗi. Ya daina amsa sallama in ba a haɗa da Dakta ba, limamin unguwa ma sai da ya koyi faɗa.

Yana da ɗan ƙanwa, Ashafa, wanda ya karanta ilimin sinadarai yake aiki a wani ɗakin bincike a Zariya. Da Ashafa ya zo gida hutun salla, Jumare ya tare shi tun bai gama gaida mutane ba.

"Ashafa, ku da kuke wasa da kwalabe, ga aiki na gaske. Ka kai garin nan injinku ya duba, a rubuta wa gwamnati cewa ɗan Likoro ya riga Bature. Sunan maganin ma na zaɓa."

"Wane suna, Kawu?"

"Nawa mana. Na wa za a sa?"

Ashafa ya karɓi ƙullin. Ya kuma roƙi ɗanyar saiwar guda, Jumare ya ba shi bayan ya sa shi rantsuwa cewa ba zai nuna wa kowa inda take fitowa ba.

Ba a jima ba Jumare ya gaji da jira. Ya sa farar rigarsa ya hau mota zuwa Zariya, ya shaida wa duk wanda ke cikin motar cewa manyan masana ne suka aiko a kira shi. A ɗakin binciken ya shiga yana duba kwalabe yana gyaɗa kai, kamar wanda ya zo karɓar aikin da ya bayar.

Ashafa ya zaunar da shi, ya ɗauko wani fallen gilashi da aka shafa wa farin gari siriri kamar alli. Ya ɗiga ruwan garin Jumare a gindin gilashin, ya ɗiga ruwan ɗanyar saiwa a gefensa, sannan ya ɗiga na wani magani daga wata ƙaramar kwalba. Ya tsayar da gilashin cikin tulun gilashi mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa, ya rufe.

"Ruwan zai hau sama kamar yadda kananzir ke hawa lagwani," in ji shi. "Yana hawa yana jan abin da ke cikin ɗigon. Wani abu mai saurin tafiya ne, wani mai nawa, sai su rabu, kowane ya tsaya a wurinsa."

"Na sani," in ji Jumare. "A Kaduna kullum muke yi."

Da gilashin ya bushe, Ashafa ya ja labule ya kunna wata fitila mai shuɗin haske. Tabo-tabo suka bayyana. Layin saiwa da layin gari sun yi kama, sai dai garin yana da wani babban tabo da saiwar ba ta da shi. Tabon yana daidai kafaɗa da na maganin kwalba.

"Ka gani!" Jumare ya miƙe. "Ƙarfin ke nan. Wane magani ne wannan da nawa ya kamo?"

"Kulorokwin ne, Kawu, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Amma tsayawa wuri ɗaya ba hujja ba ce, abu biyu daban suna iya yin tafiya ɗaya. Shi ya sa tun makon jiya na kankare irin wannan tabon, na tace shi, na sa a waccan na'urar."

Ya nuna masa wani akwatin ƙarfe mai alƙalami a jiki. Ya ce na'urar tana ratsa abu da haske, tana auna wanda ya sha da wanda ya bari ya wuce, alƙalamin kuma ya zana layi mai tudu da kwari. Kowane sinadari da nasa zanen, kamar dangwalen yatsa. Ya ɗora zanen tabon a kan zanen ƙwayar, ya ɗaga su wajen taga. Tudu ya hau kan tudu, kwari ya faɗa cikin kwari.

Jumare ya yi dariya har tabarau ya zame. "Ashe abin da Bature ke wahalar haɗawa, ni a fadamarmu yake tsirowa!"

"Kawu, ba ya tsirowa. Babu itacen da ke yin sa, a masana'anta ake haɗa shi. Ga saiwarka nan, babu ko ɗigonsa a ciki. Tsakanin fadama da ƙulli wani yana zuba ƙwaya."

Jumare ya ce injin ne ke da hassada, tunda Bature ya ƙera shi. Ya ce Ashafa yaro ne, ranar sunansa ma shi ya riƙe ragon. Duk da haka ya hau motar komawa Likoro nan take, Ashafa kuwa ya biyo shi.

Sun tarar da Sabuwa a tsakar gida tana tankaɗe. Jumare ya tsaya a kanta ya tambaya ko wani maƙiyi na shigowa ɗakin daka.

Ba ta ko ajiye rariya ba. "Ni ce, Malam. Lokacin da Innarka ta kwanta ka hana a kai ta asibiti, ka yi ta ɗura mata saiwa tana ƙara narkewa, na aika aka sayo ƙwaya a Makarfi na daka a ciki. Ta tashi, ka fita kana shela. Da mutane suka fara zuwa, sai na ga in na daina wani zai mutu a zaurenmu."

"Kin ɓata mini bincike!"

"Wane bincike? Saiwar da ko akuya ba ta ci?"

Ashafa ya durƙusa ya ce, "Inna Sabuwa, kin ceci mutane, amma a daina. Ƙwayar nan da awo ake shan ta. In ta yi yawa a ƙulli ɗaya, ƙaramin yaro ba zai kai asibiti ba."

Sabuwa ta ajiye rariya. Ta ce wannan bai taɓa zo mata ba, kuma daga ranar ta bari.

Jumare ya karɓi turmi da kansa, ya ce yanzu za a ga saiwa tsantsa. Aka kuwa gani. Masu zazzaɓi suka sha ɗaci, suka ci gaba da rawar ɗari, 'yan'uwansu suka ɗora su a jaki zuwa ɗakin shan magani. Sabuwa da kanta take tare mata a ƙofa tana faɗa musu su wuce can. Kafin kaka rumfarsa ta Makarfi ta koma hannun mai sayar da mazarƙwaila.

Bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ya ce mutanen ƙasar nan ba su san darajar masani ba, shi ya sa ba a ci gaba. Da zaɓe ya matso ya shiga siyasa, ya riƙa hawa kan teburi a kasuwar Kudan yana yi wa manoma alkawarin famfo a kowace gona.