Na Nasrullahi da na Isa

Daga mayafi abin ya fara. Ranar Lahadi da hantsi Hajiya Ramatu ta ɗaga mayafin sallarta a tsakar gida, ta jujjuya shi a rana, ta kira jikarta Nasiha ta zo ta ga aikinta.

"Da ruwan ɗorawa kika wanke min shi?"

Nasiha ta duba. Mayafi fari tas, har yana kashe ido. Ta yi dariya ta ce tsufa ne ya kama idon Hajiya, tsohuwar ta ce tsufan ya jira ta ita ma a bakin ƙofa. Wasan kaka da jika ne, kowa a gidan ya saba, aka bar maganar a nan. Da an san abin da ke cikinta da ba a yi dariyar ba.

Nasiha tana shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya a Garwa, kuma tun da aka koya musu ƙirga bugun zuciya ta mai da kakarta abin gwaji. Kullum da safe, kafin ta hau moto, babur ɗin haya, daga unguwarsu Djamboutou, sai ta kama tsintsiyar hannun tsohuwar, ta kafa ido a agogo, ta rubuta adadin a bayan littafinta. Daga nan ta buɗe ƙananan gwangwanaye biyu da ke kan taga, ta ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowanne, ta miƙa mata da ruwa.

Gwangwanayen nan suna da sunaye. Mai jan murfi shi ne na Nasrullahi, baban Nasiha, wanda ya kai Hajiya asibiti a nan Garwa lokacin da zuciyarta ta riƙa gudu ƙafafunta suka kumbura. Mai shuɗin murfi na Isa ne, ƙaninsa da ke kasuwanci a Yola. Makonni uku da suka wuce ya zo dubiya da nasa maganin, yana cewa wannan ya fi na Faransawan da take sha ƙarfi. Su biyun kuwa ko ɗinkin riga ɗayansu ya yi wa uwarsu, ɗayan ba zai runtsa ba sai ya kawo biyu. Hajiya ta san 'ya'yanta. Ta ɓare ƙwayoyin ta juye a gwangwani, ta adana kwalayen a adakarta, ta ce ba ɗan da za ta watsa wa ƙasa a ido.

Adadin da ke bayan littafin ya yi ta sauka. Saba'in da huɗu, sittin da shida, hamsin da takwas. Nasiha har murna ta yi, wai zuciyar da ke gudu ta samu hutu. Hajiya ta daina cin tuwo, ta ce miya ba ta mata daɗi, aka ɗora wa zafin watan Maris. Ranar Laraba ta yi amai sau biyu, aka ce mangwaro ne. A gidan nan ba a rasa abin ɗora wa laifi.

Ranar Alhamis da safe adadin hamsin da biyu ne. Nasiha ta rubuta, ta miƙa ƙwayoyi biyu, ta tsaya har aka haɗiye, ta tafi makaranta.

Madam Georgette ce ke koyar da ilimin magunguna, mace mai gilashi a kan karan hanci wadda ba ta maimaita magana. Ranar nan ta ɗaga kwalaye biyu masu launi daban, ta tambayi aji ko magunguna nawa ke hannunta. Aka ce biyu. Ta ce ɗaya. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe na kamfani ne, kowa ya laƙa wanda ya ga dama. Sunan yankan maganin yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kuma shi kaɗai ma'aikaciyar jinya za ta yarda da shi.

Sai ta shiga maganar magungunan da tsakanin warkarwarsu da kisansu ba nisa. Ta rubuta ɗaya a allo, digoxine, maganin zuciya. Ta ce ba ya fita daga jiki da wuri, musamman jikin tsoho. Na yau yana tarar da na jiya bai tafi ba, su taru. Idan bugun zuciya ya gaza sittin, ba a ba da shi. Idan kuma ya yi yawa a jini, mara lafiya zai ƙi abinci, ya yi amai, zuciyarsa ta yi ta ja baya. Wani ma sai ya riƙa ganin farin abu ruwan ɗorawa.

Alƙalamin Nasiha ya tsaya. Ta juya bayan littafinta ta kalli jerin da ta rubuta da hannunta, kyakkyawan rubutu, layi bisa layi. Tsoro ya kama ta, irin wanda bai taɓa kama ta ba. Ba ta nemi izini ba ta fita.

A kan moto ta kira babanta, bai ɗauka ba, yana shago. Ta aika masa saƙo: Baba, ka zo gida da mota yanzu, Hajiya ce.

Gidan shiru, matan gidan sun tafi barkar haihuwa. Hajiya tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, tana fifita a hankali. Nasiha ko sallama ba ta yi ba, ta wuce ɗaki ta buɗe adaka. Kwalayen suna nan cikin atamfofi, a ninke da kyau kamar wasiƙu. Ɗaya da Faransanci, ɗaya da Turanci, sunaye ba ko kama. Ta kai su bakin taga ta nemi ƙananan baƙaƙen. Kalma ɗaya ce, lamba ɗaya. Makonni uku ke nan tana ninka wa kakarta magani da hannunta, tana kuma tsayawa ta ga an haɗiye.

Ta kwashe gwangwanayen ta fito ta durƙusa.

"Hajiya, maganin nan ɗaya ne. Na Baba da na Baffa Isa, abu ɗaya ne. Daga yanzu ba za ki ƙara sha ba, asibiti za mu je."

"To, likita." Muryar ta fito a ƙasa-ƙasa. "Ai na yau ma ya wuce. Bayan fitarki na ji ƙirjina ya yi sanyi, kamar zuciyar ta gaji, sai na ƙara."

"Kika ƙara? Wanne?"

Tsohuwar ta dube ta kamar ta yi tambayar yara.

"Haba, Nasiha. Ta yaya zan sha na ɗaya in bar na ɗaya?"

Nasiha ta kama tsintsiyar hannun, fatar a sake, da ɗan gumi, ta ɗora yatsu ta kafa ido a agogo. Bugun ya zo. Ya sake zuwa. Sai ya yi shiru, ta jira shi har ta manta da numfashinta, sannan ya dawo. Minti ya cika a kan talatin da tara. Ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar mota a lungu, ba komai sai awaki.

Hajiya ta kai ɗaya hannun ta taɓa farar rigar makarantar da ke jikin jikarta, ta murza ta tsakanin yatsu.

"Ke ma taki ta yi ɗorawa," ta ce. "Wa ke miki wanki haka?"