Ƙofar da Ba a Ƙwanƙwasawa

Tun da ciwon baya ya raba tsohon kafinta da zarto, sai ya koma wa biro. Ya ce zai rubuta duk abin da ya sani game da katako kafin ya mutu, don yaran yanzu ƙusa da gam kawai suka iya. Karatunsa bai yi nisa ba. Kafin ya gama layi ɗaya, da can ya haɗa kujera. Da farko yakan yi yau, ya tsallake gobe. Sai ya kafa doka: kullum da safe zai shiga ɗakin kayan aikinsa, ya sa sakata, ba zai fito ba sai ya cika shafi guda.

"Kada wanda ya ƙwanƙwasa mini," ya ce wa mutanen gidan. "Ko gobara ce."

Ba a musu da shi a gidan. Ranar da surukarsa ta taɓa ƙofar da kofin shayi, ya daɗe bai amsa gaisuwarta ba. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa, shafuka kuma suka fara taruwa.

Wata safiya yana rubuta yadda ake shanya katako, sai ya ji wani abu ya faɗi a tsakar gida, kwano ya gangara, ana ta guje-guje. Ya buga tebur.

"A yi mini shiru!"

Aka yi shiru kuwa. Ya ji daɗi, ya ci gaba. Rubutun ma ya fi na kullum kyau.

Da ya zare sakata, babu shayi a kan kujerar da matarsa ke ajiye masa. Kwano a kife, shinkafa a watse, kaji na tsattsaga. Ga takalminta ƙafa ɗaya. Ƙofar gida a buɗe. Ya kira ta, ya kira ɗansa. Ba kowa.

Da ya leƙa waje, telan da ke maƙwabtaka da su ya tsayar da keken ɗinkinsa yana kallonsa.

"Baba, kana ciki? Ai na ɗauka kana cikin motar."

"Wace mota?"

"Wadda ta kai Inna asibiti. Faɗuwa ta yi."

Tsohon ya dafa bango. Sai ya kama hanyar asibitin.

A barandar asibiti ya tarar da ɗansa, mutum mai furfura a gemu, ya miƙe yana sunkuyar da kai.

"Me ya hana a kira ni?"

"Baba, kai ka ce ko gobara ce."

"Uwarka ce, ba gobara ba."

"Na zo har bakin ƙofar. Na ɗaga hannu, sai ka ce a yi shiru." Ɗan ya ƙara da cewa, "A hankali muka ɗauke ta. Takalma ma cirewa muka yi."

Tsohon ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Da sanɗa aka wuce da matarsa ta gaban ƙofarsa, shi yana ciki yana neman yadda ake rubuta kalmar danshi.

Tana kwance, an ɗaura mata ruwa, gefen bakinta ya ɗan karkace. Ta buɗe ido.

"Malam, ka cika shafin?"

Ya matso kusa da gadon.

"Ni na hana su," ta ce da ƙyar. "Na ce a bar shi, kada ya haɗa mu da faɗa, ga ciwo ga masifa."

Wannan ta fi buga shi. Ya zauna a bakin gadon, ya riƙe ƙarfen, ya daɗe bai saki ba.

Washegari da safe surukar ta ji ƙarar guduma, ta leƙo. Tsohon ne ke cire ƙofar ɗakin, ƙofar da ya sassaƙa da hannunsa. Ya jingina ta da bango, ya jawo tebur inda zai riƙa ganin tsakar gida, ya zauna da birosa.

Ta tsaya daga nesa riƙe da shayin, ba ta san abin yi ba.

"Kawo," ya ce, bai ɗago ba. "Kuma ki yi magana. Yaya ta kwana?"