Shukar da Akawu Ya Bari

"Ki rage ruwan nan, Likita, za ki nutsar min da su," in ji Akawu daga kan kujerarsa.

Maƙwabciyar tasa ba ta rage ba. Ba ma likita ba ce, nas ce da ta daɗe da yin ritaya, ta dai gaji da gyara masa. Ta ci gaba da bin shukokin da bokiti, gwiwoyinta na ƙara: lemun tsami huɗu, gwaiba biyu. Duk ganyensu ya yi rawaya.

Shekara tara ƙofar gidan nan tana zaune ba mai kula, tun rasuwar matarsa. Ciyawa har ƙugu, ga tsohuwar taya, ga fasassun bulo. Sai da asibiti suka ce zuciyarsa ta kumbura sannan ya sayo fartanya. Sati uku yana nomewa yana hutawa, ya ja igiya ya miƙe layuka kamar yana tsara takardar ofis, ya sayo dashe ya binne shi kaɗai.

"Auta za ta zo da yaranta ƙarshen wata," ya ce. "So nake ta tarar da gidan kamar da mutum a ciki."

"To da kai mene ne, aljani?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Nas ta dubi ƙafafunsa da suka cika takalmi har suka zubo. Ta san abin da take gani.

"In na riga su tafiya, ki duba min su."

"Kai dai ba ka rasa aikin da za ka ba ni. Tun da ka sayi fartanyar nan ban huta ba."

Ran Talata da hantsi ya cika, a kan kujerar, shayinsa bai ko huce ba.

Auta ta iso washegari. Masu gaisuwa suna wucewa ta tsakanin shukokin suna girgiza kai. "Dama haka ne," in ji wata dattijuwa, "in mai shuka ya tafi, ita ma sai ta bi shi." Nas ta taɓe baki. Shekara talatin da biyar a asibiti ta sha jin irin wannan. Kuma ganyen nan tun mai su yana shan shayi suka fara zuba.

Da mutane suka ragu, Auta ta same ta a falo.

"Inna, gobe magini zai zo ya shafe wurin da siminti. Ba na iya kallonsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya."

"Amanarsu ya bar min."

"Inna, dubi yadda kike jan ƙafa. Kin yi iya yinki."

Gaskiya ne, ta gaji. Ta ba su ruwa, ta zuba taki, ta yi musu inuwa da tsohon buhu, duk a banza. Ta jingina, ledar da ke jikin kujerar ta manne mata a hannu. Kujerun nan sun fi shekara ashirin, Akawu bai taɓa yarda an cire musu leda ba. Ga rediyo a cikin ledarsa. Ga agogon bango, shi ma haka. Marigayiya matarsa har ta mutu tana faɗa a kan wannan hali.

Nas ta miƙe a hankali, ta ɗauki fartanyarsa a bayan ƙofa.

Ta durƙusa gindin lemun farko ta fara tona. Ba ta yi nisa ba bakin fartanyar ya taɓo wani abu baƙi mai santsi. Ta sa hannu ta share ƙasar. Ledar da aka sayo dashen a ciki ce, lafiyarta lau, har ya ɗaure bakinta da zare. Jijiyoyin sun nannaɗe a ciki sun rasa hanyar fita.

"Kai, Akawu! Allah ya jiƙanka, amma ka iya wauta." Ta ɗaga murya. "Auta! Kawo almakashi."

Auta ta fito, ta leƙa ramin, ta toshe baki. Dariya ce ta fara zuwar mata, kuka ya biyo.

"Baba ke nan. Don kada su ɓaci ne, ko?"

"Riƙe min nan, ki bar surutu."

Suka bi su ɗaya ɗaya, Nas tana yanka ledar kamar mai cire bandeji, Auta tana mayar da ƙasa. Gwaiba ɗaya ta riga ta ruɓe. Rana ta yi sanyi kafin su gama, bayan Nas ya ƙi miƙewa.

"Za su rayu, Inna?"

"Ban sani ba. Ki ce wa maginin ya ba mu wata guda."

Auta ta goge hannu a zaninta, ta shiga neman waya. Nas ta zauna a bakin dakali tana mayar da numfashi. Da Auta ta dawo, sai ta tattara yagaggun ledojin, ta ɗauraye su a sauran ruwan bokitin, ta ninke su gida huɗu huɗu, ta ajiye a kan kujerar babanta, ta danne da dutse.