Robar Ƙugun Sanda

"Ɗaga rigar, Baba," in ji Malama Chizoba, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti.

Sanda ya ɗaga yana kallon bango. Tsohuwar robar taya ce naɗe a ƙugunsa, ta ci fata har ta bar shaida. Duk ɗan dakon kasuwar Funtua yakan ɗaure ƙugu kafin ya taɓa buhun masara, amma Sanda, da ba ya yin abu kaɗan, har kwana yake da tasa.

Abdulmutallib, abokin dakonsa da ya kawo shi a mashin, yana tsaye a bakin ƙofa.

Ta danna yatsa a gefen ƙashin bayan, Sanda ya yi salati.

"Can ƙarƙashin wannan naman akwai ƙananan tsokoki manne da ƙashi, suna haɗa gaɓa da gaɓa," in ji ta. "Su ke riƙe bayanka tun kafin ka ɗaga hannu. Roba ta karɓe musu aiki, suka yi laushi. Me ka ɗauka ranar da bayan ya riƙe?"

"Buta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na kwance robar zan yi wanka."

"To ka gani."

"Ke nan ba jifa ba ne?"

Maganar ta fita kafin Sanda ya kama ta. Kunya ta rufe shi har zufa ta karyo masa. Tun da ya kwanta yake rantse wa masu zuwa dubiya cewa Abdulmutallib ne ya jefe shi don ya gaje masa shugabancin 'yan dako. Fatansa ɗaya, kada zancen ya kai kunnen mutumin da suka ci tuwo a kwano guda tun suna samari.

Ta sa shi ya yi rarrafe a kan tabarma, ya miƙe ƙafa ɗaya. Ƙaton da ke saɓa buhu shi kaɗai sai ga shi yana rawa kamar sabon ɗan maraƙi. Abdulmutallib ya kawar da kai.

A waje ya tayar da mashin, ya jira Sanda ya hau a hankali. Sanda ya riƙe ƙarfen baya, ya kasa taɓa shi.

"Riƙe ni da kyau, hanyar akwai ramuka," in ji Abdulmutallib, bai waiwayo ba. "Kada ka faɗi a ce ni ne kuma."