Tafin Hannun Olwen

Hannun ya cika allon gaba ɗaya, yatsu a buɗe, harshen kyandir yana lasar tsakiyarsa. Hilary Garside ta ga wannan hoto ya fi sau ɗari, amma a tsohon kaset ɗin bidiyo na gidansu, inda komai yake dishi-dishi kamar ana leƙensa ta cikin ruwan wanki. Yau kuwa har zanen tafin tana iya bi da ido.

Hannun mahaifiyarta ne, Olwen, lokacin tana da shekara ashirin da biyu.

Dermot, wanda ya kwashe wata bakwai yana gyaran fim ɗin, ya tsayar da hoton a nan. Ɗakin aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake a Sheffield, ba taga, sai ƙugin na'urori. Shi ya roƙe ta ta zo da kanta, ya kuma ƙi gaya mata dalili a waya.

Fim uku mahaifinta Lionel ya shirya a duniya. Biyu sun ɓace, ba wanda ya yi cigiyarsu. Na ukun, *Baƙon Cikin Kai*, na shekarar 1968, shi ne ya ƙi mutuwa. Labarin wani likita ne mai sanyin murya, da yake shiga tunanin mutane ya tare, ya sa su aikata abin da ya ga dama. Masu son fina-finan tsoro sun daɗe suna ƙorafin cewa duk kaset da faifan da aka taɓa fitarwa duhu ne kawai, sautin kuma kamar daga cikin rijiya. Da aka tsinci ainihin naɗin fim ɗin cikin gwangwanaye tara a wani tsohon sito, kamfanin su Dermot ya nemi izinin Hilary, don ita ta gaji haƙƙin. Ta sa hannu da murna. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifinta, har yanzu ba ta iya ambatonsa ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Mutum ne da ba ta taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

Wannan wurin na kyandir shi ne ya yi wa fim ɗin suna. Yarinyar da likitan ya mallake tana ɗora hannu a kan wuta na daƙiƙa arba'in, ko ƙifta ido ba ta yi. Duk wanda ya tambayi Lionel yakan yi dariya ya ce hannun roba ne.

Dermot ya fara tura hoton gaba a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta yi ja. Ta kumbura. Ƙurji ya taso a tsakiyar tafin, ya yi ruwa, ya fashe.

"Roba ba ta yin haka, Madam Garside," in ji shi, bai dube ta ba.

Sannan ya nuna mata gilashin kabad ɗin da ke bayan yarinyar. A tsohon kaset wurin baƙi ne ƙirin. Yanzu ana ganin inuwar wani mutum mai tabarau tsaye a gefen kyamara, leɓunansa suna motsi. Dermot ya ce a gwangwani na tara ba hoto, sauti ne da aka ɗauka a ranar, kafin a ɗora kiɗa a kai. Ya miƙa mata abin sauraro ta sa a kunne.

Da farko sai numfashin mutane da ƙarar takalmi. Can ƙasa-ƙasa ta ji muryar mahaifinta, a natse, kamar mai lallashin jariri. Ba da sunan yarinyar cikin labarin yake kira ba.

"Babu zafi, Olwen. Hannun nan ba naki ba ne. Nawa ne, ni kuwa ba na jin komai."

Hilary ta cire abin ta ajiye a kan tebur. Tun tana ƙarama ta san tabon da ke tafin hagun mahaifiyarta. Dutsen guga ne, haka aka ce mata.

Dermot ya yi ta kame-kame kafin ya kai ga magana. Zai iya duhunta gilashin, ya shafe ƙurjin, ya mayar da sautin cikin gwangwaninsa. Masu sharhi za su gane an taɓa wurin, don mutane ne da ke gwada sabon faifai da tsoho hoto bayan hoto, za su kuma yi kaca-kaca da sunansa. Amma idan ta ce a yi, zai yi. Ranar Juma'a ake kai aikin wurin bugawa. Ya ba ta faifan gwaji a cikin farar ambulan.

Washegari da rana ta isa gidan mahaifiyarta a Shrewsbury. Ta tarar da Olwen a durƙushe a lambu tana cire ciyawa, da shekararta saba'in da takwas. Tsohuwar ta ɗago ta ƙare mata kallo, ta ce wannan fuska ta mai kawo saƙon mutuwa ce, in ma nata ne a bari ta gama da furannin wardinta tukuna. Hilary ba ta yi dariya ba. Suka shiga ciki, aka dafa shayi, aka ja labule saboda hasken rana, aka sa faifan.

Da yarinyar ta bayyana a allon, Olwen ta gyara tabarau.

"Ashe na yi kyau. Ba wanda ya gaya mini."

Ta kalli wurin kyandir ɗin har ƙarshe, kofinta a hannu. Hilary ta nuna mata gilashin kabad, ta maimaita mata kalmomin da ta ji. Olwen ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin burodi.

Daga nan ta ba da labarin, ba gaggawa. Lionel ya koyi abin ne tun yana saurayi, a wurin wani mai wasan sa mutane barci a dandamali. Da farko abin raha ne a taron abokai. Bayan sun yi aure ya fara yi mata don ya kwantar mata da gaba kafin a kunna kyamara, ita ma har godiya take yi masa. A ranar kyandir, abin da ta sani shi ne ana shafa mata hoda, sai kuma ga ta a mota da bandeji a hannu. Ya ce mata wai da safe ne ta dafa dutsen guga da zafinsa. Nan take ta tuna. Ta ga dutsen gugar, ta ga shuɗiyar rigarsa da take gogewa, har maɓallin da ya kusa cirewa. Hannun kuwa bai yi mata ciwo ba ko na minti ɗaya, ta ɗauka ita ce mai taurin rai.

"Sai ranar da aka binne shi," in ji ta. "Muna tsaye a bakin kabari, an fara zuba ƙasa, sai hannun ya kama da wuta. Bayan shekara arba'in da biyar. Kin tuna na durƙusa? Kowa ya ce baƙin ciki ne. A nan kyandir ɗin ya dawo mini."

Hilary ta tambaye ta me ya hana ta faɗa. Olwen ta ce a ranar ita Hilary tana kuka kamar ranta zai fita, daga baya kuma ba ta ga ranar da ta dace a ƙwace wa mutum ubansa ba. Da aka zo batun Dermot da shafe hoto, ba ta yi dogon tunani ba.

"Ki ce masa ya bar shi yadda yake, har da muryar. Shekara hamsin ana yaba mini wasan da ban yi ba. Gara su ga abin da suke tafa wa."

Ta miƙe ta fara tattara kofuna. Hilary ta zauna tana kallon bayanta. Tambayar tana cin ta tun daga Sheffield, ta san in ba ta yi ta yanzu ba, ba za ta taɓa yi ba.

"Mama, ni fa? Ya taɓa yi mini?"

Olwen ta ajiye faranti, ta dawo ta zauna. Maimakon amsa, sai ta tambaye ta ko tana tuna hutun da suka yi a Tenby, shekarar da ta cika bakwai.

Yaya za a yi ta manta? Mako biyu ne da ba ta taɓa yin irinsu ba. Ta lissafa wa mahaifiyarta jan bokitinta na wasa da yashi, da jakin da ta hau mai ƙararrawa a wuya, da gidan baƙi mai koren ƙofa inda mai gidan take ƙara mata biskit a ɓoye. Ta tuna mahaifinta ya ɗora ta a kafaɗa ya shiga teku da ita har ruwa ya kai masa ƙirji, tana ihu tana riƙe da kunnuwansa. 'Ya'yanta ma sun haddace labarin don yawan ji.

"Ni ma ina tuna koren ƙofar," in ji Olwen. "Da jakin. Bayan jana'iza na zazzage gidan nan kaf ina neman hoto ko ɗaya na tafiyar, uban naki da ba ya rabuwa da kyamara. Ban samu ba. Sai na tambayi innarki Nesta."

Nesta ƙanwar Olwen ce, a lokacin layi biyu ne tsakanin gidajensu. Ta ce ta daɗe tana jiran wannan tambaya. A makonnin nan biyu motar Lionel ba ta gusa daga ƙofar gida ba. Labule a rufe, kwalaben madarar da ake kawowa suna ɓacewa daga bakin ƙofa kowace safiya. Sau uku tana zuwa tana ƙwanƙwasawa ba a buɗe ba. A na ukun ta kara kunne a jikin ƙofa, ta ji muryarsa a ciki, yana ta magana a hankali, ba mai amsa masa.

"To me muke yi a ciki?" in ji Hilary.

"Ban sani ba, 'yar nan. Na yi ta jira ya dawo mini kamar yadda kyandir ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Wata mota ta wuce a waje. Hilary ta rufe ido, ta nemi inda labarin zai tsage ta ga abin da ke bayansa. Ba ta samu ba. Rana tana nan a kan ruwa, ƙararrawar jakin tana kaɗawa, gishirin teku yana kan leɓenta.

Olwen ta taɓa butar shayin ta ji ta huce, ta ɗauka ta nufi kicin.