Sunan Da Ke Layin Farko

Shekara tara Uwar Biyu tana dama sabulun ruwa a ɗakin bayan gidanta, sabulun bai taɓa samun suna ba. Matan unguwa su zo da robobinsu, ta tsiyaya musu, su tafi. Sai ga manajan babban kantin bakin titi ya gwada shi a gidansa, ya ce zai ba ta kantar jera kaya guda, kwalba ɗari duk mako, muddin ta kawo shi ranar Litinin da suna a jiki da takardar rajista a hannu.

Tun da ta dawo daga kantin take dariya ba gaira ba dalili. Ta gaida maƙwabciyarta sau uku a wuni ɗaya. Ta fita shanya da takalmi wari da wari. Abu ɗaya ne kawai ba ya ba ta dariya: durom ɗinta kwalba tamanin yake bayarwa in an dama shi yadda ya kamata, kuma kayan haɗin da take iya samu a mako ke nan. Ɗari kuwa sai an ƙara bokiti biyu na ruwa. Ta riga ta yanke za ta ƙara, ta kuma riga ta wanke kanta da kanta: launi ba zai canza ba, ƙamshi ba zai canza ba, sai dai mai wanke-wanke ta ga ya mutu mata a kwano na biyar maimakon na goma. Wannan ha'inci ne, ta kuma sani. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da yamma aka taru a ɗakin sabulun don a raɗa suna. Ga mijinta Direba ya jingina da ƙofa. Ga ƙanwarta Auta, mai aiki a shagon waya, wadda ba a taɓa kawo zancen da ba ta sani ba. Ga kuma mahaifinsu, tsohon kafinta, zaune kan wata kujera da ya ƙera tun kafin a haifi su biyun.

Direba ya riga kowa. "Haske," in ji shi. "An gama. A kawo shayi."

Auta ta harare shi. "Haske mai aski, Haske mai magani, Haske mai faci. Yaya, mijin nan naki a bayan mota ya yi karatunsa."

"A motar aka kai ki asibiti bara, mara kunya."

"Ku dai ji," in ji Auta, tana ɗaga yatsa. "Suna gajere ake so, wanda mutum zai faɗa ko da abinci a bakinsa. Ba sai ya yi ma'ana ba ma. Manyan kamfanoni sunan da ba ya nufin komai suke sawa, don kada wani ya zo ya ce sun yi masa alkawari."

"To ai shi ya sa suke sayar wa mutane da iska," in ji Baba.

Uwar Biyu ta yi gyaran murya ta ce ita dai Kumfa take so. Ta daɗe tana juya shi a baki. Gajere ne, yana da daɗin faɗi, yana kuma da wata fa'ida da ba ta ambata ba: kumfa ko an ƙara ruwa sai ta tashi.

Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda ninki huɗu, ya warware ta a hankali, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta.

"Gaskiya Tsantsa Ba Algus Ba Ha'inci."

Direba ya duƙar da kai yana duban takalminsa, kafaɗunsa na rawa.

"Baba, wannan suna ne ko wa'azi?" in ji Auta.

"Kwana biyu ina rubuta shi. Abin da ka rubuta a jikin kayanka, shi ka rantse wa mai saye. Ni duk ƙofar da na yi, sunana yana can bayanta da fensir, mai ƙorafi ya san inda zai same ni. Uwata ba ta taɓa cutar kowa ba, me zai hana ta faɗa da babbar murya?"

Uwata yake ce wa Uwar Biyu tun tana goye. Ta yi murmushi ta ce sunan ya yi kyau, ta ɗauki buta ta fita wajen famfo. Auta ta bi ta.

"Ba zan iya ce masa a'a ba," in ji Uwar Biyu ƙasa-ƙasa. "Ba kuma zan iya ɗaukar wannan kaya ba."

"Wa ya ce ki ce a'a? Takardar rajista layi uku gare ta, suna uku ake rubutawa. Na farko kullum watsi suke yi da shi. Mai shagonmu na uku aka ba shi. Telar da ke kusa da mu, na uku. Mai gyaran agogo, na uku. Ki sa na Baba a sama ya ji daɗi, ki sa na mijinki a tsakiya ya bar mu mu huta, ki sa naki a ƙasa. Hukuma ce za ta ce a'a, ba ke ba."

Suka dubi juna, suka tuntsire da dariya har butar ta cika ta tumbatsa. Babu wadda ta tsaya ta tambayi dalilin da ya sa ake watsi da na farkon. Wanda dabara ta yi wa daɗi ba ya son tambaya.

Washegari Baba ya ce sai ya raka su. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya zauna kan benci ƙarƙashin fanka a ofishin rajista, takardarsa a aljihu ko za a nemi asalin rubutun. 'Yan matansa suka bi layi har suka kai gaban wata ma'aikaciya mai tabarau, wadda ta karɓi takardar ba tare da ta ɗago ba. Ta buga sunan farko a kwamfuta. Ta daɗe tana bugawa. Ta jira kaɗan, sannan ta ɗauko hatimi ta danna.

"An karɓa. Ku je taga ta huɗu."

"Wanne aka karɓa?" in ji Auta.

"Na farko."

"A'a, Hajiya, ki dai sake dubawa. Ai na farko ba a karɓarsa."

Sai yanzu ma'aikaciyar ta ɗago ta dube su ta saman tabarau. "In ji wa? Wanda wani ya riga ya ɗauka shi ne ba a karɓa. Kowa gajeren suna mai daɗi yake sawa a sama, shi ya sa yake tarar da an riga shi. Wannan naku kuwa, shekarata goma sha bakwai a kujerar nan, ban taɓa ganin wanda ya nemi ko mai kama da shi ba."

Uwar Biyu ta dafa teburin. "Don Allah, 'yar uwa, duba mini na ƙasan."

Matar ta yi tsaki kaɗan, ta buga. "Akwai Kumfa. Akwai Sabuwar Kumfa. Akwai Kumfa Ta Asali, akwai Kumfa Ta Asalin Asali. In canzawa za ku yi, ku cike sabuwar takarda, mako uku. Wa ke biye?"

Mako uku, ga Litinin saura kwana huɗu. Uwar Biyu ta juya ta dubi Auta da nufin ta zage ta, sai ta ga fuskarta kamar ta wadda aka kama da hannu a tukunya. Dariya ta ƙwace mata. Ita ma Auta ta fashe. Suka riƙe juna a gaban taga ta huɗu suna hawaye, har mai gadi ya zo ya ce a rage murya, nan ofis ne.

Baba ya ɗauka murna ce. Da aka nuna masa hatimin ya miƙe ya yi musabaha da mai gadin, da wani mutum da ya zo rajistar gidan burodi, da mai shara. A cikin bas ya karanta wa fasinjoji sunan sau biyu, wata tsohuwa ta ce Allah ya sa albarka, ta tambaya ko makaranta ce aka buɗe. A wajen mai buga takardu aka sake sabon wasa. Mutumin ya auna kwalbar, ya auna sunan, ya ce sai dai ya zagaye ta kamar ɗamara, mai saye ya riƙa juyawa yana karantawa.

"Ya juya," in ji Baba. "Gaggawar me yake yi?"

Ranar Asabar da hantsi aka hau aiki. Kwalabe ɗari a jere a ƙasa, takardun suna ɗari a cikin kwali. Baba ya ce liƙawa aikinsa ne, don idon kafinta ba ya barin abu a karkace. Ya zauna ya fara, kuma duk wadda ya liƙa sai ya juya ta ya karanta a fili, tun daga Gaskiya har Ha'inci. Auta na miƙa masa, Direba na kwaikwayonsa daga bakin ƙofa.

Uwar Biyu ta gama dama durom. Sabulun ya yi kauri, yana bin muciya yana saukowa a hankali kamar zuma. Bokiti biyun suna nan cike a gefen ƙafarta. Ta ɗaga na farko har bakin durom. Bayanta Baba ya kai kwalba ta goma sha ɗaya.

"Ba Algus," in ji shi, yana shafe gefen takardar da babban yatsa. "Ba Ha'inci."

Hannunta ya gaji. Ta sauke bokitin.

"Baba, ina da magana biyu, duk ba masu daɗi ba."

"Fara da ƙaramar."

"Sunan da ka kawo, don a ƙi shi na sa shi a sama."

Auta ta soma neman wani abu a cikin kwali. Baba ya dubi kwalbar da ke hannunsa. "Babbar fa?"

Ta nuna masa bokitan, ta faɗa masa tamanin da ɗari, ba ta rage komai ba. Direba ya daina dariya. Baba ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya goge yatsunsa a gwiwa.

"Ta farko na yafe, ko da ta yi mini zafi. Ta biyu kuwa ba ni za ki roƙa ba, ba ni zan wanke kwano da shi ba. Kayanki ne, Uwata, ki zuba abin da kika ga dama. Ni dai hannuna ba zai liƙa wannan takarda a kan ruwa ba."

Ya ci gaba da zama a wurinsa. Ta tsaya tana duban kwalaben. Kanta guda a babban kanti, shekara tara tana mafarkinta. Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar Auta, ta kira manajan a gabansu.

"Ranka ya daɗe, mai sabulu ce. Tamanin zan kawo."

"Ɗari muka yi da ke."

"Tamanin durom ɗina yake bayarwa. In na kawo ɗari, ashirin ruwa ne."

Manajan ya ce shi ba ya son mai canza magana, kantar sama kuma ya ba wa mai iya cika ta. Akwai rabin kanta a ƙasa, kusa da tsintsiya da bokitai, inda sai mutum ya duƙa yake gani. In tana so ta kawo. Ya tambayi sunan da zai rubuta. Ta faɗa masa. Ya ce ta dakata ya juya takarda.

Da ta kashe wayar ta kifar da bokitin, ta zauna a kansa, ruwan na malala ta ƙarƙashin ƙofa. Rabin kanta, a ƙasa. Ta so ta yi kuka, sai ta ji dariyar nan ta dawo, mara nauyi a wannan karon.

"Kusa da tsintsiya," in ji Auta. "Yaya, kin zama babbar mace."

"Ke rufe mini baki, mai layi uku. Miƙo mazurari."

Baba ya ɗauki kwalba ta goma sha biyu. Direba ya tsallake ruwan, ya ƙirga takardu ashirin ɗin da suka yi saura, ya ce shi zai liƙa su a jikin motar da yake tuƙawa, talla kyauta.

Baba bai ko ɗago ba. "Ajiye su, surukina. Kai da kake ɗaukar fasinja a hanya mai mota bai sani ba? Sai an zauna a kanka tukuna."